Shekarar da Na Kira Ubanku Mai Motsi

Ubanku ba mahaukaci ba ne. Da wannan zan fara, ko da numfashi ya yanke mini a tsakiya kun dai ji babbar maganar. Na ji abin da jikokina ke faɗa wa junansu, wai kakansu ya ƙare rayuwarsa cikin rami yana hira da dutse. Ke kuma Zinatu, na ga yadda kike sauya zance duk lokacin da dangin mijinki suka tambayi sana'arsa. Ban yi makarantar lakwal ba, allo ma ban yi nisa ba, shi ya sa na zaunar da ke ki rubuta. Abin da na faɗa shi za ki sa. Kada ki gyara mini baki.

Ni mutuniyar wajen Belbeji ce. Kafin ubanku na yi wani aure, na binne miji da yara a shekarar yunwa guda, na ci ƴaƴan anza na daji har ɗacinsu ya daina damuna. Tun daga nan ba na yarda da abin da ban riƙe a hannuna ba. Da wannan halin na zo gidan ubanku, a ƙauyenmu na kudu da Tanut, kusa da hanyar motar Agadas. Shi ya dawo daga soja ne wajen lokacin da aka sauya tuta. Yana gyaran agogo, ranar kasuwa ya tafi Tanut ya shimfiɗa ƴan ƙarafunansa a rumfa, fatake da ma'aikata su kawo masa. Mai Agogo ake ce masa, kuma sunan yana da nauyi a lokacin. Abu ɗaya na lura da shi tun makon farko: ba ya kwana ƙarƙashin soro. Ɗaki mai kyau yana nan, shi sai rumfar kara, ko da sanyi ko da ruwa. Na yi zaton wani asiri ne aka ba shi da sharaɗi. Sau ɗaya tak ya ba ni labari. Ya ce a wani gari na bakin teku, can bayan hamada, ƙasa ta girgiza, barikinsu ya rufta a kansu. An tono shi da rai, waɗanda ke kwance dama da hagunsa ba a tono su da rai ba. Bayan ya warke aka sa shi gadi a wani gida a kan dutse, inda wani Nasara ke ajiye ƙarafunan da ke jin motsin ƙasa. Nasaran ya ga yana da hannu, ya bar shi yana sauya takarda yana ɗaure agogo. A can ya koyi abin da ya ci shi.

Shekarar da nake faɗa, bayan an gama girbi, ya haƙa rami a bayan rumbu, zurfinsa ya shanye mutum, ya rufa masa kara ya yaɓe. Ya samo ƙarfen tsohuwar kamyo, babbar motar kaya, ya rataye shi a gicciye da waya, kamar ƙyauren da aka kafa a karkace, wanda ko iska ta taɓa sai ya tafi a hankali ya dawo. Ya ce yana son abu mai nauyi a bakinsa. Na je rijiya na dawo, na tarar dutsen niƙana babu. Dutsen da na ɗauko a kaina tun daga Belbeji. Yana can rataye a rami. Daga dutsen ya ɗaura sillen kara mai tsawo, a bakin sillen ƙayar aduwa. Ƙayar tana kwance a jikin wani gwangwani da cikin agogon bango ke juyawa, a hankali ƙwarai, sai ka ƙura ido za ka ga yana tafiya. Gwangwanin ya naɗe shi da takardar da ake naɗe kan sukari, wadda ya baƙanta da hayaƙin fitila. Ƙayar tana bi tana jan farin layi a kan baƙin. Shi ke nan abin. Ba waya da ta fita waje, ba layu, ba turare. Na duba da kaina ranar da ya tafi kasuwa, na laluba har ƙarƙashin tabarma.

Ba a daɗe ba ya fito daga ramin wata safiya ina tsakar surfe, ya tsaya a kaina.

“Turmin nan zai bar gidan nan.”

“Ni ma in bi shi?”

“Ke ki zauna. Turmin ne ke ɓata mini takarda.”

Ya ja ni zuwa ramin ya nuna mini. A kan baƙar takardar akwai wuraren da layin ya tsattsage daidai wa daida, kamar haƙoran mataji. Ya ce wannan ke ce kina surfe. Wannan mai cinkoso, ke da babbar ƴarmu ne kuna lugude. Wannan da ya kumbura ya sace, kamyon Agadas ce ta wuce. Wannan raƙuman Buzaye ne ranar kasuwa. Wannan kuma jakin Ɗan Ladi maƙwabcinmu ne yana susa da katanga. Yana faɗa yana murna kamar an yi masa haihuwa. Ni abin da ya zo mini shi ne: abin da ya san lokacin da nake daka, ya san lokacin da ba na gida. Na daɗe ina zaton ni aka kafa wa dutsen nan gadi.

Haka na ɗauki turmina na kai gidan Tabawa, matar Ɗan Ladi. Ku yaran yanzu da kuke kai hatsi inji ba za ku gane nauyin wannan ba. A ƙauyukanmu na ƙasar Damargu, gidan da aka wayi gari ba a ji taɓarya ba, ko an yi mutuwa ko rumbu ya ƙare. Mata suka fara shigowa suna tambaya ko lafiya, idanunsu na kan rumbu. Wata tsohuwa ta aiko mini da ƙwaryar hatsi a rufe, wai kada kowa ya sani. Ni da na ci anza ban roƙi kowa ba. Na mayar mata, ta yi fushi har ta mutu. Tabawa kuwa ta samu abin yi. Kullum in na shigo sai ta ce ga matar mai agogo, ita daka ma sai allura ta hau. In mun fara ribɗi sai ta ce mu sassauta, kada mu tashi jinjirin da ke rami. Ina dariya in ta yi. Amma ba'a ba ta zuwa ita kaɗai a bakin Tabawa, kullum akwai tambaya a bayanta. Wa ke zuwa wurinsa? Takardun nan ina yake kai su? Radiyonsa da wane gari yake magana? Mijinta yana cikin ƴan kwamitin gari, waɗanda aka ɗora wa sa ido a kan baƙi. Ina ba ta amsa gajere, in ci gaba da dakana.

Wata rana da la'asar ya kira ni ramin, muryarsa ba irin ta kullum ba. Layin ya yi wani abu da ban taɓa gani ba. Ya ɗora tsinke a farkonsa ya ce in duba nan, inda ya fara rawa siriri kamar sawun kiyashi: wannan shi ne na gaba, mai sauri. Ya ja tsinken ya wuce wani fili ya ce nan na biyu ya iso, ya fi kaifi. Daga can layin ya koma manyan lanƙwasa masu faɗi, suna hawa suna sauka kamar tuddan rairayi, sun zagaye gwangwanin sun daɗe ba su kwanta ba. Ya ce turmi ba ya yin haka, mota ba ta yi, sai ƙasa da kanta. Ya ce sirrin yana cikin filin da ke tsakanin na fari da na biyu. Tare suke tashi, ɗaya ya fi ɗaya gudu, to in sun iso kusa da juna, wurin da abin ya faru kusa ne, in tsakaninsu ya yi faɗi, nesa ne. Kamar mai doki da mai jaki da suka bar Damagaram tare.

“Wannan motsi ne daga nesa,” in ji shi. “Ya ƙetaro teku.”

“Wane gari?”

“Ba ya faɗin suna. Nisa kawai yake faɗa.”

Washegari ya kunna radiyonsa, aka yi ta magana da Faransanci, ya ɗaga yatsa ya ce kin ji, ga shi nan sun faɗa, ƙasa ta girgiza a wuri kaza. Na ce to. Ni Faransanci ba na ji. Da cewa radiyon ya yi kuɗin akuya ya tashi, haka zan ji shi. Don haka na zauna da zato uku a cikina. Ko iskoki ne ke masa rubutu. Ko kansa ne ya taɓu tun can ƙarƙashin bariki. Ko kuwa wasu yake wa aiki, ramin nan hanyar saƙo ce, labarin ƙasa kuma mayafi. Cewa gaskiya yake faɗa, wannan na sa shi can baya, domin ban ga dalilin da ƙasar wasu za ta yi tari a ji a bayan rumbuna ba.

Shekarar ba ta barin mutum ya yi abu shi kaɗai. Ana ta raɗe-raɗin wasu sun shigo ƙasar ta kan iyaka da bindigogi, wai an koya musu yaƙi a ƙasashen waje. Ba mu ga kowa ba, amma mun ga ana zuwa da mota ana ɗaukar mutane. An ɗauki wani tela a wajen Falanko, ba wanda ya san laifinsa, ba wanda ya tambaya. Maza suka daina zama da yawa a inuwa ɗaya. In baƙo ya sauka gidanka, kafin ya sha ruwa ka kai rahoto. Kowa ya ɗaure bakinsa sai ubanku. Shi in dutsensa ya yi rubutu, ba ya iya haɗiyewa. Zai fita wurin masu shayi ya ce jiya da la'asar motsi ya iso nan, babba, daga bayan teku. Ya ƙara da cewa ku saurara, akwai ƙanana suna biye, babba ba ya zuwa shi kaɗai. Da na ji an maimaita mini wannan a bakin rijiya, guga ya kusa suɓuce mini. Na same shi na ce Malam, ka san yadda maganar nan take a kunnen wanda bai ga raminka ba? Ya ce ƙasar Allah ce ke motsi, me ya haɗa ta da gwamnati. Mutum ne da ya san cikin agogo, bai san cikin mutane ba.

Da hantsi suka zo. Ina gidan Tabawa muna daka muka ji mota ta bar hanya ta shigo gari. Duk matan da ke gidan suka jefar da taɓarya suka yi ƙofa. Tabawa ba ta fita ba. Ta ci gaba da tankaɗe, kanta a ƙasa. Tabawar da ko kaza aka yanka a ƙarshen gari sai ta je ta ga wuƙar. Na ajiye wannan a zuciyata, har yau yana nan. Masu kaki suka sauka ramin, suka kwashe takardun, suka ɗauki radiyo, suka sa shi a mota. Dutsen suka bari, suka ce kada a taɓa. Ba wanda ya shigo ya yi mini jaje. Waɗanda suka damu da rumbuna jiya, yau sun manta hanyar gidana.

Bayan wasu kwanaki suka dawo da shi, aka tara gari a ƙofar gidanmu, mai gari yana zaune. Ubanku ya rame, bai ce komai a kan inda ya kwana ba, ban tambaya ba. Babban masu kakin saurayi ne, mutumin yamma, can bakin kogi, Hausarsa ta kasuwa ce. Tare da shi akwai wani tsohon gardi, dogarin gwamnati, mutumin Damagaram, yana masa tafinta. Abin da babban ya ɗauka shi ne layukan nan rubutun waya ne, irin wanda ake bugawa a posta, kuma motsin da ake faɗa motsin mutane ne masu makamai. Gardin ya gaya wa mai gari a gaban kowa cewa in abin ya tabbata, gidan kason arewa za a kai shi, can cikin hamada. Mun san wurin da labari. Ba mu san wanda ya je ya dawo ba. Kwana da kwanaki ubanku yana gaya musu gaskiya, kuma kowace gaskiya ƙara masa igiya take. Daga ina? Daga nesa. Yaushe ya iso? Rana kaza da la'asar. Akwai wani? Akwai ƙanana a baya.

Shi ya roƙi a gwada. Ya ce a kawo turmi a daka, za su ga ba waya ba ce. Aka aika gidan Tabawa aka ɗauko turmina, ya dawo gida a kan wani, garin duka na kallo. Na zuba hatsi na daka. Babban yana cikin rami da fitila yana kallon ƙaya. Da ya fito fuskarsa ta ƙara ɗaurewa. Ya tambaya ko abin yana jin mota ma. Ubanku, Allah Ya jiƙansa, har da gyara tsayuwa. Ya ce yana ji mana, har yana iya bambance kamyo mai kaya da wadda ba kaya, kuma in sun wuce a jere zai iya faɗin yawansu. A makon kuwa, kowa ya sani, motocin soja sun wuce arewa. Taɓarya tana hannuna, na ji kamar in sauke masa ita a ka. Na ga babban ya juya ya yi wa direbansa magana, na ga direban ya nufi mota. Ku kuna bayan zana kuna leƙe. Ke Zinatu kina goye a bayan babbarku.

Sai aka ce a tambayi matarsa. Babban ya zo gabana, ya yi maganar da Hausarsa, bai jira tafinta ba.

“Ke matarsa. Wannan motsi, daga ina yake zuwa?”

Ban shirya ba. Maganar ta zo bakina ne kawai, kamar yadda hannu ke tare yaro in zai faɗa wuta.

“Ranka ya daɗe, daga kansa. Motsin a kansa yake.”

Bai gane ba. Shi motsi ɗaya ya sani a Hausa, na abin da ya tashi daga wuri zuwa wuri. Tsohon gardin ya dube ni ta wutsiyar ido, sannan ya juya ya yi masa bayani mai tsawo, yana taɓa gefen kansa da yatsa: a wurinmu in an ce mutum yana da motsi, to hankalinsa ne ya taɓu. Da na ga ƙofa ta buɗe, na tura da ƙarfina duka. Na ce ba ya kwana a soro, tsoro yake kada ya faɗo masa. Na ce ya sace mini dutsen niƙa ya rataye kamar rago. Na ce ya kori turmi daga gida, a tambayi matan garin nan. Na ce takardar sukari yake bi kasuwa yana tsinta yana shafa mata hayaƙi. Na ce jakin maƙwabci ma, cewa yake yana masa rubutu. Wani ya kece da dariya, na san muryar, Ɗan Ladi ne. Sai saura suka bi, irin dariyar mutanen da suka daɗe suna riƙe da numfashi. Mata suka fara ba da shaida a kan turmi, kowace tana ƙarawa da nata. Mai gari ya ce shi ma ya daɗe da lura, kunya ce ta hana shi faɗa. Duk abin da na lissafa gaskiya ne. Kalmar farko ce kawai, ita ma a ranar ban san ko ƙarya ce ba.

Babban ya juya wurin ubanku.

“Jaki yana yi maka rubutu?”

Ubanku ya dube ni. Ya daɗe yana dubana. Yana iya cewa a saurara ya yi bayani, kamar yadda ya saba. Bai yi ba.

“Yana yi,” in ji shi.

Suka tafi suka bar shi. Radiyon ba su mayar ba. Ramin ma ba su ƙara leƙawa ba, wa zai ɓata lokaci da kayan wasan motsattse.

Abin da ya biyo baya kun rayu a cikinsa, amma ba ku san daga ina ya faro ba. Labarin ya riga shi isa Tanut. Ranar kasuwa ya shimfiɗa kayansa ya zauna har yamma, ba wanda ya miƙa masa agogo. Ya koma sau da yawa, daga baya ya daina. Mai Agogo ya mutu a bakin mutane, Mai Motsi ya maye. In ya yi magana a taron gari sai a ce to Malam, a wuce. Ba a karɓar shaidarsa ko a kan iyakar gona. Mutanen da suka kawo gaisuwar neman babbarku suka janye, wai abin yana bin jini. Ya koma noman hatsi da hannun da bai saba da hauya ba, ni na ƙara da saƙar tabarma da kiwon awakin mutane. Bai taɓa ce mini me ya sa ba. Zai ci tuwo ya ce sannu, ya sauka raminsa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ni kuma na mayar da turmina gidan Tabawa, bai ce in mayar ba. A nan na ga Ɗan Ladi ya yi sabuwar radiyo, mutumin da jaki ɗaya ne duk dukiyarsa. Ya ce ɗan'uwansa ne ya aiko masa daga Kano. Ta yiwu haka ne. Na ci gaba da zuwa, domin na fi son su ga fuskata kullum, ni ma in ga tasu.

Bayan damina ta wuce, wata safiya ya hau daga rami ya tsaya a tsakar gida yana waige-waige, kamar mai neman wanda zai gaya wa. Babu kowa sai ni. Ya ce jiya bayan azahar an yi babba, ya fi duk waɗanda ya taɓa gani, filin tsakanin na fari da na biyu ya fi na bara faɗi, tuddan kuwa ba su kwanta ba har rana ta faɗi. Ya ce in akwai gari a wurin, an mutu da yawa. Ya je ya yi alwala ya zauna yana wa mutanen da bai san sunan garinsu ba addu'a. Na ce to, na ɗauki ƙwaryata na fita. Washegari ina daka a gidan Tabawa, radiyon Ɗan Ladi tana rataye a jikin zana, an kama tashar da ke labarai da Hausa. Na ji da kunnena, a harshena. Ƙasa ta girgiza a wata ƙasa mai nisa, sunan bai zauna mini ba. Garuruwa sun rushe, ana tono mutane. Ranar da aka faɗa ita ce ranar da ya faɗa. Shi ba shi da radiyo, ba wanda ke masa magana, bai fita gida ba. Taɓarya ta tsaya mini a sama. Tabawa ta ce in gudu in gaya wa maigidana, danginsa sun motsa a can. Matan suka yi dariya. Ni ma na yi, har da tafi, domin Ɗan Ladi yana zaune a zaure yana ji.

Ranar na sauka ramin da ƙafata, ba a kira ni ba. Yana tsugune yana ɗaure agogo.

“Na ji a radiyo. Da Hausa.”

“To.”

“Zan je ƙofar mai gari in faɗa.”

Ya gama ɗaure agogon tukuna, ya juyo.

“Ki ce me, Haua? Mai hankali ne, ku zo ku ɗauka?” Ya ajiye mabuɗin agogon. “Kin riga kin rufe ni. Bar ni a rufe. Yaran nan sun fi bukatar mahaukacin uba a gida da mai hankali a hamada.”

Sannan ya miƙo mini fitila da takarda ya ce in gwada shafa hayaƙin. Daga ranar ni ke baƙanta masa takarda. Ya koya mini har na iya raba iska da kamyo, na iya gane na fari tun yana siriri. Mutane suka ce abin ya kama ni ni ma. Na bar su. Da zamani ya juya, masu ɗaukar mutane suka tafi, na ce masa yanzu fa. Ya ce wa zai saurara, waɗanda suka yi dariyar ba za su so a ce musu a banza suka yi ba. Haka ya tafi da sunan.

Wanda ya kai ƙararsa, ban sani ba. Ranar rasuwarsa Tabawa ta fi ni kuka. Ban zarge ta a fili ba, ban kuma wanke ta ba. Bayan an share makoki na kwance dutsen na mayar da shi madafa. Shi ne wanda kuka ci niƙansa duk kuruciyarku, zanen da ke gefensa sawun waya ne.

Mace irina ba ta kiran sunan mijinta. Tun da na shiga gidansa har aka fitar da shi, Malam nake cewa. Amma sunan da ya yi yawo da shi a garin nan daga bakina ya fita, to na gaskiyar ma daga bakina za ku ji. Rubuta, Zinatu. Issufu. Issufu Mai Agogo. Karanta mini in ji ko kin sa daidai.